Yadda zaka bi sawun kudin karamar hukumarka da aikin mazaba ko baka san kowa a sama ba

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Tinubu yace tallafin mai ya tafi, duk majalisar da ka zauna a garin nan na Jos, daga Bauchi Road zuwa Unguwar Rogo har Bukur, hirar daya ce, tsada da Allah ya isa. Kuma da gaskiyar mutane. Litar fetur da muke sha kasa da naira 200 ta koma 500 da wani abu cikin 'yan kwanaki, kafin 2024 ta kare ta haura dubu, dalar da gwamnati ke bayarwa wajen 460 aka saketa a watan Yunin 2023 ta tafi har ta wuce 1,500, ita kanta hukumar kididdiga NBS tace hauhawar farashi ya kai kashi 34.8 cikin dari a Disambar 2024. Duk mai zuwa cefane Farin Gada ko awo a Katako baya bukatar a karanta mishi wannan, a aljihunshi yake ji.

Abun da bamu cika tsayawa a kai ba shine ina kudin ya nufa. Kaso mai tsoka na abun da ake tatsa daga jikinmu, kudin da a da ake cewa tallafi ne, da karin nairar da gwamnati ke samu idan ta canza dalar danyen mai, da harajin sayen kaya na VAT din kashi 7.5 da kake biya ko ka sani ko baka sani ba, teburin FAAC yake zuwa, kwamitin da ke zama duk wata ya raba wa gwamnatin tarayya da jihohi 36 da kananan hukumomi 774. A farkon 2023 abun da ake rabawa a wata baya kai naira tiriliyan 1. A 2025 an raba sama da tiriliyan 2 a wata guda. Ma'ana gwamnanka da ciyaman dinka suna karbar abun da wadanda suka gabace su basu taba gani ba, mu kuma mun hada baki gaba daya muna kallon Abuja, mun bar sakatariyar da keke napep daya zai kaimu kofarta. Ni bance a daina yi wa Abuja magana ba, wallahi ta cancanta, amma kudin da ya fi kusa da kwatar kofar gidanka shi ya fi saukin bi, kuma shine babu mai bi. Toh ga yadda ake yi, waya da data da littafin rubutu na makaranta sun isa.

Ka fara da sanin aikin wa ne. Da yawanmu muna zagin sanata akan bola, muna zagin ciyaman akan titin da na gwamnatin tarayya ne, kuma duk dan siyasar da ka tuhuma da abun da ba hurumin shi ba ka bashi kofar fita ne, zai yi dariya yace baka san komai ba, shikenan maganarka ta mutu. Kundin tsarin mulki na 1999 a jadawali na hudu ya lissafo ayyukan karamar hukuma: kasuwanni, tashoshin mota, mayanka, kwashe shara, makabarta, kananan hanyoyin cikin unguwa da magudanan ruwa da fitilun titi, rajistar haihuwa da mutuwa da aure, sannan tana da hannu a makarantun firamare da kiwon lafiya a matakin farko. Saboda haka lambatun da ya toshe yake ambaliya cikin gidaje duk damina, da firamaren da yara ke zaune a kasa cikin sanyin Jos na Disamba, da asibitin sha-ka-tafi da ko panadol babu, wajen kansila da ciyaman ake fara kai su. Manyan asibitoci da sakandare da titunan jiha na gwamna ne. Shi dan majalisa aikinshi doka da sa ido da amincewa da kasafi, sai kuma aikin mazabar da ya saka a kasafi, wanda zamu zo kanshi.

Sai ka nemo adadin. NBS tana fitar da rahoton rabon FAAC na kowane wata a shafinta na intanet, ofishin Akanta Janar na tarayya ma yana sakawa, kyauta ne, babu wanda zai tambayeka kai waye. Ka rubuta FAAC disbursement da sunan watan a Google, ka sauke fayil din, ka gangara wajen kananan hukumomi ka nemo Plateau, zaka ga guda 17 a jere, ka tsaya a taka, Jos North ce ko Jos South ko Bassa ko Wase. Layukan suna da yawa kada su rikita ka, akwai na kason asali, na ribar canji, na VAT, na abun da aka cire, kai dai na karshe da ya hada jimla zaka dauka. Rahoton kan makara da wata daya ko biyu, ba komai. Ka rubuta a littafinka wata bayan wata har ka cika shekara, sannan ka koma baya ka dauko na watannin farkon 2023 ka jera su gefe da gefe. Ranar da ka ga wadannan lambobin da idonka hirar da kake yi a majalisa zata canza.

Yadda ake rabon shine, a kason asali tarayya na daukar kashi 52.68, jihohi 26.72, kananan hukumomi 20.60, bayan an cire kashi 13 na jihohin da ake hako mai. A VAT kuma kananan hukumomi kashi 35 suke samu, kuma sabbin dokokin harajin da aka sa wa hannu a Yunin 2025 sun kara na jihohi daga 50 zuwa 55, na tarayya ya sauka daga 15 zuwa 10. Ka rike wannan saboda ranar da wani zai ce maka ai komai a hannun Abuja yake.

Amma fa dan uwa kayi adalci, kada ka dauki adadin nan ka ruga Facebook kace ciyaman ya cinye miliyan kaza duk wata. Ba haka abun yake ba. Daga cikin kudin ake biyan albashin malaman firamare, wanda shine ke lashe kaso mafi girma a kananan hukumomi da yawa, da ma'aikatan lafiya da na sakatariya, da fansho, da kason masarautu. Mafi karancin albashi ya tashi daga dubu 30 zuwa dubu 70 a Yulin 2024, kuma buhun simintin da ake saye wajen dubu 5 ya ninka, so nairar ta karu a takarda amma karfinta ya ragu. Ko a Abuja da ake ganin kudi a zube, malaman firamare sun yi sama da wata uku suna yajin aiki a 2025 saboda kananan hukumomin birnin basu biya sabon albashin ba, yara suna gida. Tambayar da ta dace ita ce: nawa ya shigo, nawa ya tafi a albashi, nawa ya rage, kuma ragowar me aka yi da shi. Wannan tambayar ce basa so, don babu zagi a cikinta balle a ce maka dan adawa.

Akwai kuma maganar asusun hadin gwiwa, wanda sashe na 162 na tsarin mulki ya kafa, inda kudin kananan hukumomi ke fara sauka a hannun jiha kafin a basu. Shekara da shekaru ta nan gwamnoni ke rike wuyan ciyamomi, a cire na wannan a cire na wancan, ciyaman ya sa hannu ya karbi abun da bai gani ba. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Koli ta yanke hukunci a karar da Antoni Janar Lateef Fagbemi ya shigar cewa a rika tura wa kananan hukumomi kudinsu kai tsaye, kuma kantomomin riko da gwamna ke nadawa basu da gurbi a doka. Shi yasa jihohi suka yi ta rige-rigen zabe, mu nan Filato aka yi namu ranar 9 ga Oktoban 2024. Sai dai hukunci daban aiwatarwa daban, an dade ana jan kafa akan biyan kai tsayen. Don haka idan ka samu zama da ciyaman ko ma'aji ka tambaye shi karara, kudin nan da NBS ta rubuta da sunanmu, duka ya shigo asusunku ko akwai abun da aka rike a sama? Idan yace an rike, ka nemi ya fada a rubuce. Ka ga yanzu ka san kofar da zaka kwankwasa ta gaba.

Kowace karamar hukuma tana da kasafin kudinta na shekara kuma kansiloli ne ke amincewa da shi. Wannan kansilan na unguwarku da kuke sallah sahu daya, ko kuke haduwa wajen suna da jana'iza, ya kamata ace yana da kwafi. Ka je gidanshi da girmamawa, ranka ya dade muna son ganin abun da aka ware wa mazabarmu bana. Idan ya baka madalla ka dauki hoton shafukan. Idan yace bai da shi, wannan ma amsa ce, ka rubuta ta da kwanan wata. Jiha ma tana saka kasafinta a intanet da rahoton yadda aka kashe duk bayan wata uku, kuma akwai Odita Janar na kananan hukumomi da ke fitar da rahoton binciken asusunsu, mutane basa karantawa don yana da tsawo kuma da Turanci mai nauyi, amma a kowace unguwa akwai yaro daya da ya karanta akanta a Unijos ko Poly yana zaune babu aiki, ku saya mishi data ya zauna ya fassara muku.

Yanzu aikin mazaba, inda gaskiya aka fi yi mana wasa da hankali. An yi shekaru duk shekara ana ware wa sanatoci 109 da 'yan majalisar wakilai 360 naira biliyan 100 na ayyukan mazabu. A 2019 Buhari da bakinshi yace an kashe tiriliyan 1 cikin shekara 10 akan wadannan ayyuka amma talaka bai gani a kasa ba. Kuma wannan biliyan 100 din ba shine duka ba, akwai wanda ake cusawa cikin kasafin ma'aikatu, kun tuna Sanata Abdul Ningi na Bauchi da aka dakatar a Maris 2024 bayan hirarshi da BBC Hausa akan naira tiriliyan 3.7 da yace babu bayanin inda za su a kasafin shekarar. Kungiyar BudgIT kuma tace a kasafin 2025, mai tiriliyan 54.99, majalisa ta saka ayyuka sama da dubu 11 na kusan tiriliyan 7. Duk wadannan ayyukan suna da suna da wuri da adadin kudi a rubuce, kuma wasu da sunan unguwarku aka rubuta su.

Ka shiga shafin ofishin kasafi na tarayya ka sauke kasafin da aka sa wa hannu, ba wanda shugaban kasa ya gabatar ba, don cushen bayan an kai majalisa yake shiga. Fayil din babba ne, shafi sama da dubu, kada kace zaka karanta, wajen bincike na cikin PDF zaka yi amfani da shi. Ka saka Jos North, ka saka Bassa tunda kujerar wakilai daya muke da su, ka saka Plateau North, mazabar sanatanmu, sannan ka saka sunan unguwa ta duk yadda ake rubuta shi, Angwan Rogo, Anguwan Rogo, Nasarawa Gwong, Rikkos, Gangare, Dilimi, don masu rubutawa kowa da yadda yake bugawa. Duk wanda ya fito ka rubuta abu hudu: lambar aikin, sunanshi kamar yadda yake, kudin, da hukumar da aka saka shi a karkashinta. Wannan na karshen ka kula da shi sosai. Dan majalisa baya rike kudin a hukumance, wata hukuma ake baiwa ta bada kwangila, kuma sau da yawa zaka ga an saka fitilun sola ko gyaran masallaci da coci a karkashin wata kwalejin aikin gona ko cibiyar bincike da ke wata jiha can daban, wadda babu abun da ya hadata da aikin. Ana zabar irinsu ne don babu ido a kansu. Idan ka ga haka ka ja layi a karkashi.

Ka sani kuma ganin aiki a kasafi baya nufin an saki kudinshi, shekarun nan ana jan kasafin shekara daya har cikin ta gaba kuma 'yan kwangila na kukan ba a biya su. To ka duba ko an biya. Gwamnatin tarayya ta bude shafin Open Treasury a Disambar 2019 inda ake saka manyan kudaden da hukumomi suka biya, BudgIT ma tana da Govspend da ya fi saukin bincike a waya, ka saka sunan hukumar ko kalma daga sunan aikin. Idan sunan kamfani ya fito ka kai shi shafin binciken CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka ga ko yana da rajista da shekarar da aka yi mishi. Kamfanin da aka yi wa rajista wata biyu kafin ya samu kwangilar miliyoyi abun tambaya ne.

Daga nan sai kafa. Babu abun da zai maye gurbin zuwa wajen. A ce takarda tace rijiyar burtsatse mai sola a unguwa kaza, ka je da rana ka tsaya a gabanta. Akwai allon kwangila? Ka dauki hotonshi yadda rubutun zai fito, sunan kamfani, hukuma, wanda ya kawo aikin, shekara. Ka daga kai ka kirga faifan solar da ke sama, ka duba ko wayoyinsu a hade suke ko dora su kawai aka yi, ka kwankwasa karfen da ya dauki tankin, ka murda famfo da hannunka. Idan ruwa bai zo ba kada ka yanke hukunci, ka nemi matan gidajen da ke kusa da 'yan garuwa, su suka san gaskiya, Mama yaushe rabon da ku debi ruwa a nan? Zata ce maka sati biyu yayi bayan an yanka kyalle ya tsaya, ko tace tun farko da tanka aka kawo ruwan aka zuba ranar bikin budewa. Kasar Jos dutse ce, idan ba a yi binciken kasa da kyau ba ko ba a haka da zurfi ba rijiya bata dadewa, kuma a nan dan kwangila ke cin riba, ya haka rabi ya karbi kudin duka. Idan aji ne na makaranta ka duba kwanon rufin kaurinshi, ka goga dan yatsa a filasta ka ga ko yashi ke zubowa, ka kirga benci, ka tambayi hedimasta ko sabon gini ne ko tsohon aka shafa wa fenti aka kafa allo. Hoton ka dauka da wani abu da zai nuna wajen, kamar masallaci ko shago ko sunan layi, ka kunna kwanan wata a kyamarar.

Wani abu da ke bata min rai shine aikin da ake kira tallafi ko horar da matasa, don shi baya barin alama a kasa. A rubuta miliyoyi na horar da mata da matasa, a tara mutane a wani dakin taro na yini daya, a raba keken dinki da injin markade 'yan kadan a dauki hoto. Irin wannan sai dai ka nemi jerin sunayen wadanda suka amfana da adadin kayan da aka saya, kuma anan takardar neman bayani ke shigowa.

Dokar 'yancin samun bayanai, FOI, Jonathan ya sa mata hannu a Mayun 2011, kuma a Afrilun 2025 Kotun Koli tace tana aiki akan jihohi ma, don a da wasu jihohi na fakewa da cewa ta tarayya ce kawai. Dokar tace kowa na iya neman bayani daga hukumar gwamnati kuma ba sai ya fadi dalilinshi ba. Suna da kwana 7 su amsa, suna iya kara wasu 7 idan takardun na da yawa, idan suka yi shiru doka ta dauka sun hana, kana da kwana 30 ka kai kara kotu, kuma wanda aka samu da hana bayani ba bisa ka'ida ba tarar naira dubu 500 ce a kanshi. Kudin da zasu iya karba a wajenka na fotokwafi ne kawai. Wanda bai iya rubutu ba wani zai iya rubuta mishi.

Takardar kada ta wuce shafi daya. Ka rubuta ta da Turanci zuwa ga shugaban hukumar, a sama ka nuna a karkashin dokar FOI ta 2011 kake nema, sannan ka fadi takamaiman abun da kake so. Kada ka rubuta muna son sanin yadda ake kashe kudinmu, wannan zasu amsa maka da surutu. Ka rubuta: kwafin takardar bada kwangilar aiki mai lamba kaza, sunan kamfanin, jimlar kudin, abun da aka biya zuwa yau da ranakun biya, takardar da ta lissafa kayan aikin da farashinsu, da takardar shaidar kammalawa idan akwai. Babu zargi babu habaici ko kalma daya. Kayi kwafi biyu, ka kai wajen masu karbar wasiku, su buga hatimi da kwanan wata akan naka kwafin su sa hannu. Wannan hatimin shine komai, in babu shi gobe zasu ce basu taba ganinka ba. Idan masinja yace oga baya nan ka dawo gobe, kace ba oga kake nema ba, karba kawai za a yi a buga hatimi. Idan hukumar a Abuja take ko wata jiha ka aika ta kamfanin aika sako ka ajiye risidin. Gaskiya da yawa basa amsawa a karon farko, sai ka sake rubuta ta tuni ka makala kwafin ta farko, kuma akwai lauyoyi da kungiyoyi irin su SERAP da ke kai irin wadannan kararraki.

Kada kayi wannan aikin kai kadai, don Allah. Mutum daya ana iya kiranshi gefe a bashi ambulan, ko a tsorata shi, ko a ce ai wane ne ya turo shi. Ku zama kamar mutum biyar zuwa goma, da dattijo daya da ake jin kunyarshi, da mata, don su ke zuwa asibitin da rijiyar kullum, ku sanar da mai unguwa tun farko ko da bazai shiga ba. Kuma tunda Jos muke, sai na fadi wannan da babbar murya: ku nemi makwabtanku Kirista ku tafi tare. Duk mun san abun da zaben karamar hukuma ya jawo a garin nan a Nuwamban 2008, rayukan da aka rasa basu dawo ba, kuma tun daga lokacin duk wanda aka tambaya lissafin kudi hanya mafi sauki gare shi ita ce ya maida maganar ta addini ko ta dan kasa da bako. Idan takardarku na dauke da sa hannun Malam da na Fasto, da Bahaushe da Afizere da Anaguta da Birom, wannan kofar ta rufe. Kwatar da ta toshe a Nasarawa gidan kowa take shiga.

Akwai kujerun da ma doka ta tanada wa mutanen unguwa amma mun bar su ga 'yan jam'iyya. Kowace firamare ya kamata tana da kwamitin SBMC na iyaye da al'umma, kowace mazabar kansila tana da kwamitin ci gaba da ke sa ido akan asibitinta. Dokar lafiya ta kasa ta 2014 ta ware akalla kashi 1 na kudin shigar tarayya ga asusun BHCPF, wanda ke tura kudi kai tsaye zuwa asusun zababbun kananan asibitoci, ku tambayi mai kula da naku ko yana ciki, nawa ke shigowa, wa ke sa hannu a fitar. A ilimi kuma UBEC, hukumar ilimin bai daya ta tarayya, na da kashi 2, amma sai jiha ta ajiye nata rabin kafin ta dauka, shi yasa kudin jihohi da dama kan yi shekaru a kwance a Abuja yara na zaune a kasa. Dan majalisar jiharku, cikin 24 din da muke da su, ya kamata ya iya gaya muku ko Filato ta dauki nata na bana.

In kun tattara komai, ku fara kai wa wanda abun ya shafa kafin duniya ta ji, ku bashi sati biyu. Wani sa'in dan kwangila ne ya cuci kowa har da dan majalisar, kuma kunya kadai kan sa a dawo a gyara. In an yi biris sai ku fitar. A Facebook ko WhatsApp ko shirin kiran waya na rediyo, ku tsaya akan abun da takarda ta fada da abun da ido ya gani: kasafi yace kaza, an biya kaza ranar kaza, ga hoton wajen yau. Kada ka rubuta barawo, kada ka zagi iyayen kowa, kada ka tura abun da baka tabbatar ba, don ana amfani da dokar laifukan intanet ana daure mutane akan rubutu duk da gyaran da aka yi mata a 2024, kuma zagi daya zai sa a manta da duk hujjarka a koma maganar rashin kunyarka. Ku tura kwafi ga Tracka ta BudgIT mai bin sawun ayyuka, da hukumar yaki da cin hanci ta ICPC wadda tun 2019 take da shirin bin ayyukan mazabu kuma ta sha tilasta wa 'yan kwangila komawa bakin aiki. Idan kuma kun je kun tarar aiki yayi kyau, ruwa na zuwa, aji ya ginu da inganci, ku fada da karfin da zaku fadi na banza, ko dan wace jam'iyya ne.

Wasu zasu ce a yi kiranye kawai. Sashe na 69 na tsarin mulki ya bada dama amma sai sama da rabin masu rajistar mazabar sun sa hannu INEC ta tantance, an gwada akan Sanata Dino Melaye a 2018 da Sanata Natasha a 2025 duk bai kai ko'ina ba, ni dai bana ba ku shawarar ku zuba karfinku a nan. Littafin nan naku ku ajiye shi da kyau, ku yi mishi kwafi a waya fiye da daya. Kamfen din 2027 zai kawo su har kofar gida da taliya da atamfa da dubu biyu-biyu, ranar ku nemi a basu kujera a zauna, mutum daya ya bude littafin ya karanto lambar aiki da kudinshi da ranar da kuka kai takarda, sannan ku nemi amsa daya bayan daya, wani kuma yana dauka a waya da saninsu.